Yaron da na hana ɗaga ƙwallo

A gidajen kallon ƙwallo na Agege akwai gardamar da ba ta tsufa. Wasu na ganin ƙwallo ita ce ba-ni-in-ba-ka a ƙasa, wasu na cewa a ɗaga ta gaba, mai gudu ya bi. Ni a da ina ɓangaren farko, da zafina kuwa. Barcelona ta zamanin Guardiola, daga 2008 zuwa 2012, ta shiga raina har na ɗauka duk mai ɗaga doguwar ƙwallo bai iya wasa ba ne.

Da wannan ra'ayi na karɓi horar da ƙungiyar wata sakandare a unguwarmu. Cikin yaran akwai ɗan baya, yaro mai natsuwa, wanda yake ɗaga ƙwallo daga gidanmu ta sauka a gaban ɗan gaba. Na hana shi. Wata rana da damina fili ya yi caɓi, ƙwallo na tsayawa cikin ruwa, sai ya ɗaga ta. Na daka masa tsawa a gaban abokansa da 'yan kallo, na ce wasan ƙauye yake yi, na cire shi. Muka nace wa gajeren fasin a cikin taɓo, ƙwallo ta maƙale a bakin ragarmu, aka zura mana, aka fitar da mu daga gasar. Yaron bai sake zuwa atisaye ba.

Gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha ce ta buɗe mini ido. Ranar 22 ga Yuni, a wasan Najeriya da Iceland, Kenneth Omeruo, wanda shi ma ɗan baya ne, ya ɗaga ƙwallo ta gefen hagu, Ahmed Musa ya tsere wa mai tsaronsa, ya yanke gola, ya ci Iceland ƙwallo ta biyu. Bayan kwana huɗu, Messi da nake kafa hujja da shi ya ci Najeriya da doguwar ƙwallon da abokin wasansa Banega ya aiko masa daga tsakiya. Nan na fahimci amfaninta. Idan 'yan bayan abokan karawa suka matso, suna barin fili a bayansu, kuma dogon fasin ne ke cin wannan fili. Tsoronsa ke mayar da su baya, sai tsakiya ta buɗe wa gajeren fasin. Ga kuma fili: ciyawar Turai aske ta ake yi a ba ta ruwa, namu kuwa yashi ne da rani, taɓo da damina. Yaron ya karanci filin, ni kuma talabijin na karanta.

Na je rumfar mahaifinsa na ce, "Alhaji, na zalunci yaron nan, ku yafe mini." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, Koci, ya wuce." Amma bai dawo ba. Magana zarar bunu ce.

Rashin nasarar bai dame ni kamar wannan ba. Na ɗauko gardamar gidan kallo, inda babu mai asarar komai, na sauke ta a kan yaron da ya ba ni amanar basirarsa. Yanzu kafin in tsara wasa, sai na duba ƙafar yaran da filin da za su taka. In kuma gyara ya kama, gefe nake jan yaro, mu biyu, in fara jin dalilinsa.