Tsatsar da Ido ba ya Gani

Akwai cutar da ke shelar kanta, akwai kuma mai aiki a ɓoye kamar gara. Wadda nake ɗauke da ita, maltiful sikilerosis, da likitoci ke kira MS a taƙaice, irin ta biyun ce. Tun a 1868 likitan Faransa Jean-Martin Charcot ya siffanta ta, kuma ƙididdigar 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke fama da ita a duniya. Garkuwar jiki ce ke juyowa ta afka wa mayalin, rigar da ke lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, har saƙo ya riƙa maƙalewa a hanya. Sai ƙafa ta mutu, ido ya dushe, gajiya ta danne mutum alhali fuskarsa fes.

Wannan ɓuyan ya fi komai yi mini ciwo. Idan ƴan dubiya suka ce, "Ai ga ki nan garau," ba ni da abin nuna musu. Neman mai shaida ne ya kai ni ga karanta abin da masana suka gano a jini.

Iskar oksijin da ke raya mu tana barin wasu ɓurɓushi masu ƙuna a cikin jiki, waɗanda sinadarai irin su gulutatayon ke kashewa. Idan kumburi ya tashi a ƙwaƙwalwa, ƙwayoyin garkuwa kan kwararo ɓurɓushin har su fi ƙarfin masu kashe su. Mayalin kuwa galibinsa kitse ne, kuma yadda man shanu ke ɓaci idan ya daɗe a buɗe, haka yake lalacewa. Tokar da wannan ƙuna ke bari, wani sinadari da ake kira MDA, ana iya auna ta a jini da ruwan laka, kuma bincike da dama sun same ta da yawa a jikin masu MS. Har maganin Tecfidera, wanda Amurka ta amince da shi a 2013, yana zaburar da jiki ya ƙara kare kansa daga wannan tsatsa.

Sai dai toka ba ta faɗin wanda ya kunna wuta. Shan taba da ciwon sukari su ma suna ɗaga MDA, don haka har yau hoton MRI da gwajin likita ne abin dogaro. MRI kuwa sau da yawa tabo yake nunawa, bayan ɓarna ta auku.

Ina fatan ranar da ɗigon jini zai gargaɗi likitana kafin in rasa wata jijiya, domin wadda ta mutu ba ta dawowa. Wannan aikin masana ne, kuma zan jira su. Dangina kuwa ba na so su jira sakamakon gwaji kafin su gaskata ni. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.