Gilashin da zai ɗauke mu duka

A ƙauyukanmu na Jazira, a Sudan, mutum ba ya tsayawa hoto shi kaɗai, sai dai in na fasfo ne. Biki ko suna, saukar Alƙur'ani ko tarbar alhaji, gida ne ke fitowa gaba ɗaya, har da maƙwabta da almajiran da suka zo wucewa. Ɗakunanmu kuwa na laka ne, ƙanana, kuma gadajen angarib sun riga sun cinye rabin filin. Mai hoto zai yi ta ja da baya har ya jingina da bango, a wanko hoto kuma a ce ina wance.

Kawuna ne ya koya mini sana'ar. Yana da Canon ta fim da gilashi mai milimita 28, ya kuma yi shekaru yana bin bakin tur'a, wato magudanar ruwan noma, a kan babur, daga kambo zuwa kambo, wato ƙauyukan 'yan ƙwadago, tsakanin Wad Madani da Managil. Da na sayi Canon 400D ta hannu a 2009, sai ya ba ni gilashin nan a matsayin gudummawa. Na ɗaura shi, na leƙa, na ga ɗaki ya tsuke. Abin da ke karɓar haske a cikin irin wannan kyamara bai kai fim girma ba, saboda haka ana ninka lambar gilashi da 1.6: mai 28 ya koma kamar 45. Wanda ke zuwa da kyamarar, 18 zuwa 55, yana farawa ne daga kamar 29. Ya isa tsakar gida, bai isa ɗakin amarya ba.

Guda uku ne masu faɗi da ake maganarsu a lokacin. Akwai Canon 10 zuwa 22, shi ne mafi tsada, kuma mafi rashin nauyi. Akwai Sigma 10 zuwa 20, mai sauƙin kuɗi. Sai Tokina 11 zuwa 16, wanda bai daɗe da fitowa ba. Babu wanda zan iya gwadawa kafin in biya. A lokacin Sudan na ƙarƙashin takunkumin da Amurka ta sa mata tun 1997, ba mu da katin da ke saye ta intanet, kuma irin wannan kaya sai an aiki ɗan'uwa da ke Jidda ko Dubai, a jira mai dawowa daga Umra. In ya iso ya iso, ba a mayarwa. Kuɗin kuma na albasa ne da muka noma a hawashar wani, wato gonarsa, bisa rabon amfani. Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, suka tsaya tsinkar auduga bayan an gama madatsar Sinnar a 1925, yawancinsu ƙwadago suka samu, ba rajistar gona ba. Wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a kaka ba ya sayen gilashi sau biyu.

Kawu ya tsaya a kan Sigma. “Kai, yaro, faɗi kake nema ko suna? Ga mai goma da araha, ragowar ka sayi taya.” Na ce, “Kawu, ai bikinmu da dare ake yi.” Ya ce shi da filasha ya yi zamaninsa. Gaskiya ne, amma filashar da ke kan kyamara ba ta iya haska irin wannan faɗin: tsakiya ta yi fari, gefe ya yi duhu, gilashin kansa kuma ya jefa inuwa a ƙasan hoton. Kambonmu ba wutar lantarki. Abin da ake samu a daren Mauludi shi ne janareta da dogayen ƙwayaye biyu ko uku a rataye a jikin rumfa. Tokina yana buɗewa har f/2.8 daga farkonsa zuwa ƙarshensa. Sigma yana farawa daga f/4, wato rabin hasken ke nan, in ka juya shi zuwa 20 kuma ya koma f/5.6, kashi ɗaya cikin huɗu. Canon na tsakaninsu, ga shi kuɗinsa ya fi ƙarfin albasa. Tokina na aika a sayo.

Yana da nauyi, ya haura rabin kilo, kuma ba ya son rana: in ka fuskanci yamma a bakin ruwa sai koren tabo ya fito a hoton. Zangonsa gajere ne, dole a riƙa cire shi ana sa wani, a ƙasar da guguwar habub ke tasowa ba sallama. A cikin jallabiyata nake sauya shi, na juya wa iska baya, gaban kuma na rufe shi da tabarau mai milimita 77 tun ranar da ya zo.

Abin da babu wanda ya gaya mini shi ne yadda gilashi mai faɗi ke miƙe duk abin da ya faɗa gefe. Mu kuwa tsarin tsayuwarmu sananne ne: maigida da liman a tsakiya, ƙanne su biyo, mata da yara a can ƙarshe. Ashe gilashin na bin wannan tsari sau da ƙafa. Dattawa su fito daidai, na gefe su fito da kai kamar an ja gurasa. Gwaggona ta ga nata ta ce, “Ɗan nan, me na yi maka?” Daga nan na riƙa jera mutane a lanƙwashe kamar rabin da'ira, in riƙe kyamara daidai ƙirji ba tare da karkata ta sama ko ƙasa ba, in bar fili a kowane gefe, in tsaya a kan 15 ko 16 muddin mutane ne. Wani lokaci sai in nemi dattijo ya matsa gefe don a sa tsofaffin mata a tsakiya. Nan ne aikin ya fi wuya, domin ba kowane maigida ne ke yarda wai kyamara ce ta ce ya matsa ba.

Masu fara sana'a sukan ɗauka gilashi mai faɗi na fili mai faɗi ne. A ganina akasin haka ne, musamman a Jazira, inda ƙasa take shimfiɗe babu ko tudu. Ka ɗauki gonar auduga a kan 11, abin da za ka samu sama ce da siririn layi, sai in ka durƙusa ka sa ƙofar ruwa ko buhu a gaba. Inda ya yi mini rana shi ne matsatsi: zauren malam da ɗalibai sun kewaye shi, cikin kwalekwalen masu su a kogin Nil Azraƙ, da sahun Idi a Mai Wurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, inda babu wurin ja da baya.

A 2014 Canon ya fito da 10 zuwa 18, mara nauyi, mai araha, mai rage rawar hannu, ko da yake ba ya shan haske sosai. A lokacin fitilun sola sun fara shiga ƙauyuka, sababbin kyamarori ma sun fi jure duhu. Shi na sa ɗan yayata ya saya da ya kama sana'ar, kuma da shi ya yi ta aiki har yaƙi ya iso Madani a Disamban 2023 bukukuwa suka tsaya.