Gishirin da Yayata Take Lasa

A gidanmu da ke Ƙauyen Alu mun daɗe muna tsokanar yayata saboda lasar gishiri. Sai ta soma ramewa, in ta miƙe jiri ya ɗebe ta. Muka yi ta saya mata maganin maleriya da na taifot. Da fatarta ta ƙara duhu, muka ce zafin ranar Kano ne.

Ranar da amai ya kayar da ita, wani likita a Asibitin Malam Aminu Kano ya duba dasashinta da zanen tafin hannunta, ya sa a gwada jini. Ashe cutar da Thomas Addison ya bayyana a 1855 ce. Wasu 'yan halittu biyu da ke bisa ƙoda sun daina samar da sinadaran da ke riƙe gishiri da ƙarfin jini. A Turai garkuwar jiki ce ta fi lalata su, a nahiyarmu kuwa tarin fuka na sahun gaba. Idan aka yi sakaci, jini kan faɗi warwas har rai ya salwanta.

Yau tana shan hydrocortisone kullum, in zazzaɓi ya zo ta ninka bisa umarnin likita. Ni kuwa har yanzu ina jin kunyar waccan tsokanar.