Na ɗora wa rautar gidanmu OpenWrt, intanet ta ɗauke: yadda na bi matsalolin ɗaya bayan ɗaya 🧵

1/
Jama'a, duk mai shirin cire manhajar da kamfani ya sa wa rautarsa ya ɗora OpenWrt, ya karanta wannan zaren tukuna. Yawancin abin da ake cewa "na'urata ta mutu" ba mutuwa ba ce, saiti ne kawai ya koma sifili. Zaren yana da tsawo, a yi haƙuri.

2/
Me ya kai ni? Mu 11 ne a gida kan Wi-Fi ɗaya, kuɗin data karo-karo muke yi. Ƙanwata tana darasi ta bidiyo, ni ma aikina a intanet yake. Da wani ya fara sauke fim, kowa ya tsaya cak. Data kuma ba ta kai ƙarshen wata, kullum yara ake zargi. Ga shi kamfanin rautar ya daina fitar mata da gyaran tsaro tuntuni.

3/
Ga wanda bai sani ba: OpenWrt manhaja ce ta kyauta da aka gina kan Linux. A 2003 Linksys ya saki lambobin manhajar rautarsa WRT54G saboda lasisin GPL ya wajabta masa, a 2004 aka fara OpenWrt daga nan. A 2016 wasu suka ɓalle suka yi LEDE, a 2018 aka sake haɗewa. Ba sabon abu ba ne.

4/
Kafin komai, juya rautar ka karanta takardar da ke ƙasanta. Suna ɗaya ba ya nufin ciki ɗaya: v1 da v4 na samfuri guda suna iya zuwa da kayan ciki daban. Duba ma'adana da RAM. Masu 4MB da 32MB an daina yi musu sabuwa tun bayan sigar 19.07. Nemi 16MB da 128MB ko sama.

5/
Fayil iri biyu ne: factory na ɗorawar farko daga manhajar kamfani, sysupgrade na sabuntawa daga baya. Sannan abin da ya fi shafar mu: wuta. In aka ɗauke ana tsakiyar rubutawa, rauta na iya zama bulo. Ni a kan inbata na yi. Ba ka da ita? Nemi ƙaramin batirin rauta, ko ka je inda ake da sola.

6/
Kafin ka goge tsohuwar manhaja, ɗauki hoton shafin WAN ɗinta. DHCP ne ko PPPoE? Sunan shiga da kalmar sirri? Akwai lambar VLAN? Mene ne adireshin MAC? Wasu masu ba da intanet suna ɗaure layi da MAC, sai ka kwafa shi a sabon saitin. Rigakafi ya fi magani.

7/
Toh. Aka ɗora, ta tashi, babu Wi-Fi kwata-kwata. Baba ya leƙo ya ce, "Kai, abin da ke aiki lafiya me ya kai ka taɓa shi?" Ƙanwata ta ce, "Yaya, ƙarfe huɗu fa darasina." Lokacin sha biyu ta gota. A nan ne mutane ke rikicewa su fara danne-danne. Gaggawa aikin shaiɗan.

8/
Rashin Wi-Fi ɗin da gangan ne. OpenWrt tana zuwa da shi a kashe, don kada ta tashi da layi a buɗe kowa ya shiga. Sai ka jona kebul daga kwamfuta zuwa ramin LAN, ba WAN ba, ka buɗe 192.168.1.1, sunan shiga root, ka sa kalmar sirri nan take. Shafin sarrafawar sunansa LuCI.

9/
In shafin ya ƙi buɗewa amma kwamfuta ta samu adireshi, duba wace siga ka sauke. Sigar gwaji, wato snapshot, ba ta zuwa da LuCI, sai ta SSH ake shiga. Sigar da aka saki a hukumance ita ce ta masu farawa.

10/
Daga nan ƙa'ida ɗaya na riƙe: fara daga ƙasa, ka hau sama. Kebul, adireshi, hanya, suna, agogo, girman ƙunshi, sannan iska. Kuma abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. In ka canza biyar ya gyaru, ba ka san wanne ya yi ba. In ya ƙara lalacewa ma, haka.

11/
Matsala ta farko: Wi-Fi ya kunna, waya ta haɗu, intanet babu. A Status na ga WAN ta karɓi adireshi mai farawa da 192.168.1 daga modem ɗinmu na 4G. Ita ma rautar a 192.168.1.1 take. Kamar gida biyu masu lamba ɗaya a layi ɗaya ne, ɗan aike bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

12/
Magani: na mayar da LAN 192.168.2.1. Amma lura, LuCI tana da wani tsaro: in ka canza saiti ba ka sake shiga cikin ɗan lokaci ba, sai ta mayar da tsohon, a zatonta ka kulle kanka a waje. Don haka cire kebul ka mayar da sauri, ka buɗe sabon adireshin. Da haka aka yi darasin ƙarfe huɗu.

13/
Ta biyu: wani lokaci shafuka su buɗe, wani lokaci burauza ta ce ba ta san wurin ba. Gwajin minti ɗaya ne. Network, sai Diagnostics. Yi ping 1.1.1.1, sannan ping openwrt.org. Lamba ta amsa, suna ya ƙi? Hanya lafiya lau, DNS ne. Duka biyun sun ƙi? Koma WAN, matsalar tana ƙasa.

14/
DNS shi ne mai fassara suna zuwa lamba. A OpenWrt, dnsmasq ne ke karɓar tambayar wayoyin gida ya miƙa sama. Namu na sama ne ke barci. A saitin WAN na cire alamar karɓar DNS daga modem, na sa 1.1.1.1 na Cloudflare da 9.9.9.9 na Quad9. Akwai 8.8.8.8 na Google ma.

15/
Ta uku ta fi cin rai. Saƙon WhatsApp na tafiya, hoto ya maƙale. Wani shafi ya buɗe rabi ya tsaya. Shafin banki yana ta juyi. In ƙananan abubuwa na wucewa manya na maƙalewa, ka zargi MTU, wato girman ƙunshin da hanya ke iya ɗauka a lokaci guda.

16/
Na kebul 1500 ne. PPPoE na cin 8, saura 1492. Layin waya kan yi ƙasa da haka. A Windows rubuta: ping -f -l 1472 1.1.1.1. In ya ƙi, rage lambar har ta wuce, sai ka ƙara 28. Tawa a 1392 ta wuce, na sa 1420 a WAN. Ka tabbata MSS clamping na kunne a ɓangaren wan na Firewall.

17/
Yanzu iska. Sa lambar ƙasa a saitin Wi-Fi: NG ga Najeriya, NE ga Nijar, GH ga Gana. A 2.4GHz zaɓi tasha 1, 6 ko 11 da faɗin 20MHz, su ne ba sa hawa kan juna. Yi Scan ka ga inda maƙwabta suka cunkushe, ka kauce musu.

18/
A 5GHz, tashoshi daga 52 zuwa 140 sai rauta ta saurari radar na aƙalla daƙiƙa 60 kafin ta fara watsawa. Sai ka ga kamar 5GHz ya mutu, alhali jira yake. Tsaya tsakanin 36 da 48 ka huta. Wayar Umma kuma ta ƙi haɗuwa sam da WPA3. Na koma WPA2, ta shiga nan take.

19/
Sai gudu. Manhajar kamfani kan yi amfani da wata gajeriyar hanya a cikin na'urar don saurin wuce da kaya. A OpenWrt sai ka kunna flow offloading da kanka a Firewall. Amma irinsa na hardware ba ya tafiya tare da SQM, dole ka zaɓi ɗaya. Ni SQM ce ta kawo ni, ita na zaɓa.

20/
Me SQM ke yi? Ka san layin gidan mai lokacin wahala, tirela ta tare gaba, mai babur da lita biyu kawai yake so yana baya yana jira? Haka kiran bidiyo ke yi a bayan fim da ake saukewa. Na sa luci-app-sqm, na zaɓi cake, na ba ta wajen kashi 90 cikin 100 na gudun layin.

21/
A 4G gudu na hawa da sauka, don haka da gudun dare na auna, lokacin da unguwa duka ke kan waya. Lambar gwajin gudu ta ɗan ragu, amma kiran bidiyo ya daina yankewa ko da mutum uku na kallo. A gidan da ake raba layi, adalci ya fi babbar lamba amfani.

22/
Bayan makonni sai ga wata sabuwa. Na riga na sa DNS mai rufin asiri. Aka ɗauke wuta, aka dawo, intanet shiru. Na shiga na rubuta date, sai ga kwanan wata na baya. Yawancin rautocin gida ba su da batirin agogo. Da ta tashi, sai ta kintata lokaci daga fayil na ƙarshe da aka taɓa.

23/
Ga kullin: DNS mai rufin asiri yana duba takardar shaidar saba, takardar kuma tana da ranar farawa. Agogo na baya, sai ta zama kamar ba ta fara aiki ba. Gyaran agogo na buƙatar sabar NTP, nemo ta da suna kuma na buƙatar DNS. Kowa na jiran kowa. Na ƙara sabar NTP ɗaya da lambar IP tsagwaronta, aka wuce wurin.

24/
Wannan ya fi damun mu da ake ɗauke wa wuta sau da yawa a rana. Masu WireGuard ma ku lura, agogon da ya koma baya yana hana shi haɗuwa. Ka kuma sa yankin lokaci: Africa/Lagos, ko Africa/Niamey.

25/
In ka kulle kanka a waje, akwai failsafe. Kashe ka kunna, da fitila ta fara ƙyaftawa danna maɓallin reset, za ta koma ƙyaftawa da sauri sosai. Sa wa kwamfuta 192.168.1.2 da hannu, shiga ta SSH a 192.168.1.1. mount_root don gyara saiti, firstboot don goge komai a faro daga farko.

26/
Abokai biyu: logread da dmesg. Rauta tana rubuta abin da ke damunta, karatu ne ya rage gare ka. Duk ranar da komai ke tafiya daidai kuma, je System, Backup, sauke kwafin saitinka ka adana a waya da kwamfuta.

27/
Maganar data fa? Na sa nlbwmon, mai ƙirga abin da kowace na'ura ta ci. Bayan wata ɗaya na kai wa Baba lissafi. Ashe ba yaran ba ne kan gaba. Wayoyin manya biyu ne ke loda hotuna da bidiyon biki sama cikin dare, ga kwamfuta mai sabunta kanta. Aka kashe su, data ta ga ƙarshen wata. Auta ya ce sai an ba shi haƙuri a gaban kowa 😂 An ba shi.

28/
Wa zai haƙura? Wanda rautarsa ta kamfanin intanet ce aka ba shi aro. Wanda Wi-Fi ɗin na'urarsa na Broadcom ne, don goyon bayansa a OpenWrt ba shi da ƙarfi. Wanda ke son garantinsa. Da wanda ita kaɗai gare shi kuma abincinsa a kanta yake: fara koyo a kan tsohuwa ta hannu.

29/
Ga sauran, ya cancanci wahalar. Da kuɗinka ka sayi na'ura, bai kamata ranar da kamfani ya gaji da ita ta zama ranar mutuwarta ba. Mai matsala ya ajiye a ƙasa: samfurin rauta da sigarta, irin layinsa, da abin da ping biyun nan suka nuna. Banda kalmar sirri, don Allah. Zan amsa gwargwadon iko. A tura wa mai buƙata 🙏