Safar Hannu, Keke da Ruwan Kafanchan

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, a yi haƙuri. Na san wani zai ce duk abin da ke damun ɗalibi, ga kuɗin makaranta, ga haya, ga abinci, sai safar hannu za a zauna ana yi wa rubutu? To ku bari ku ji.

Ni mutumin Katsina ne, ina digiri na biyu a fannin noma, bincikena kuma a kan citta ne. Duk wanda ya san citta a ƙasar nan ya san kudancin Kaduna ne gidanta, su Kachia, Kwoi, Kagarko da Jama'a. A daminar 2023 wata cuta ta afka wa gonaki, citta ta ruɓe a cikin ƙasa, manoma da yawa suka tashi ba uwa ba riba. Aikina shi ne in bi ƙauyuka in ji yadda suke farfaɗowa. A shekarar ce kuma aka cire tallafin mai, kuɗin acaɓa ya fi ƙarfina. Sai na tattara 'yan kuɗina na sayi keke na hannu, irin mai giya da kaurin taya da ake hawan tudu da shi.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ruwan Kafanchan. Mu can gida damina gajera ce. Nan kuwa tun Afrilu ake farawa, har Oktoba ba a gama ba, a Agusta sai a wuni ana yayyafi. Da na ga hannuna yana sanyi da safe, sai na je wurin mai gwanjo na ɗauki safar ulu mai laushi, ina murna na yi araha.

Wata safiya a Agusta na fito daga wani ƙauye a gindin tsaunin Kagoro, ruwa ya tare ni a hanya. Ulun ya sha ruwa ya ƙoshi, iska tana bugawa, yatsuna suka sandare. Da na zo gangara na kai hannu birki, wallahi sai yatsun suka zame. Kafin in ankara ina cikin kwari, keke gefe, jaka gefe. Tafin hannuna na dama ya saɓule, takardun tambayoyin da na yi mako biyu ina cikewa suka jiƙe, tawada ta narke.

Wata dattijuwa da ke dawowa daga gona ce ta tashe ni. Ta ce, "Sannu ɗana, ba ka karye ba ko?" Na ce, "A'a Mama, hannu ne kawai." Ta dubi safar tana ɗigar ruwa, ta ce, "Wannan ai ta jarirai ce, ba ta hanya ba." Ina jin zafi amma sai da na yi dariya.

Ciwon hannun ya warke a kwana goma sha. Abin da ya fi ci mini rai shi ne komawa wurin manoman. Mutumin da ya yi asarar cittarsa, ya daure ya ba ka labari sau ɗaya, ka dawo ka ce, "Baba, a yi haƙuri a maimaita"? Wasu sun yarda, wasu suka ce sun gaji. Ban ga laifinsu ba. Malamin da ke duba aikina ya ce, "Babi na huɗu ba ya jiran hannunka." Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Daga nan na shiga gwaji. Na sa safar roba ta wanki. Ruwa bai shiga ba, amma gumi ya cika ta, kamar na tsoma hannu a bokiti. Na sayi wata ƙatuwa ta gwanjo, irin wadda Turawa ke sawa a dusar ƙanƙara. Ɗumi kam akwai, sai dai kaurinta ya hana ni jin birki, canza giya ma sai da kokawa. A nan na gane kuskurena. A Turai sanyi da jiƙa tare suke zuwa. Mu a nan daban-daban suke: damina akwai ruwa amma sanyin da sauƙi, hunturu akwai sanyi amma a bushe. Safa guda ba za ta yi maka duka biyun ba.

Ga abin da na koya, ko zai amfani wani.

Na farko, riƙo ya fi ɗumi muhimmanci. Ka duba tafin safar, ya zama mai roba ko fata mai kama ƙarfe ko da ta jiƙe. In kuɗinka kaɗan ne, safar leburori mai roba a tafi ta fi ulu nesa ba kusa ba.

Na biyu, ba duk wadda aka rubuta wa tana hana ruwa ce ke hanawa ba. Wasu feshin magani kawai aka yi wa bayansu, wanki kaɗan ya tafi. Ta gaskiya tana da siririn shimfiɗi a tsakiya, irin su Gore-Tex, mai ƙananan ƙofofin da ɗigon ruwa ba ya iya ratsawa amma tururin gumi yana fita. A gwanjo ka duba ɗinki da tsakanin yatsu, nan ne take fara yoyo. In mai kaya ya yarda, ka sa ta ka tsoma hannu a ruwa ka dunƙule.

Na uku, akwai irin robar da masu ninƙaya ke sawa. Ita tana barin hannu ya ɗan jiƙe, amma tana riƙe ɗumin jiki. A ruwan Agusta ita ce ta fi yi mini.

Na huɗu, girma. In ta matse, jini ba ya zagayawa sosai, sanyi ya ƙaru. In ta yi yawa, bakin yatsa ya maƙale a birki. Ka gwada da hannu a dunƙule kamar kana riƙe da keke.

Na biyar, wuyan safar ya shige ƙarƙashin hannun rigar ruwa, kada ruwan da ke gangarowa ya zube a ciki. In ka dawo ka shanya ta a inuwa. Kada ka kanga ta a wuta, robar za ta lalace.

Da hunturu kuwa, a Disamba lokacin haƙar citta, siririya mai tare iska ta wadatar, ka shafa man kaɗanya kafin ka sa, saboda tsagewar fata.

Yanzu biyu nake da su, ta damina da ta hunturu. Takardu kuma sai na ɗauke su hoto a waya kafin in bar ƙauye, sannan in ƙulle su a leda biyu.

Masu fita aikin bincike a keke ko babur, musamman ku da ke zuwa daga can arewa kamar ni, ku tanadi wannan tun kafin Afrilu. Wanda ya san inda ake samun mai kyau da sauƙin kuɗi a Kafanchan ko Kaduna, ya taimaka ya faɗa mana. Allah Ya ba mu sa'ar kammalawa lafiya.