Tabkin Tabalak da injin ɗaukar hoton tsuntsaye

Wanda ya tashi daga Bambey zuwa Tabalak, sai ya biyo ta Tawa. Daga Tawa sai ya kama gudron Agadas, tafiyar kamar kilomita 50. Hanyar duk duwatsun Adar ne da ƙayoyi. Can sai mutum ya hangi ruwa shimfiɗe gefen hanya. Shi ne tabkin Tabalak.

Tabkin yana ciyar da jama'a da yawa. Masunta suna kama kifi. Manoma suna noman rani a bakinsa. Fulani da Buzaye suna kawo bisashe shan ruwa. Tsuntsaye ma suna da rabonsu. Akwai zalɓe da belbela da kirinjijiya da ɗinya. Lokacin ɗari kuma wasu suna zuwa tun daga ƙasashen Turai, su ƙetare teku da hamada. Saboda su ne, a shekarar 2005, aka sa Tabalak cikin tabkunan da duniya ta yarda a kiyaye, bisa yarjejeniyar da aka yi a garin Ramsar na ƙasar Iran a 1971.

Wani lokaci makiyayi yakan ga baƙo duƙe bakin ruwa, ya ɗora wani dogon abu baƙi a kan ƙafafu uku. Ba bindiga ba ce. Injin hoto ne mai dogon ido. Tsuntsu ba ya yarda a matso kusa da shi. To, idon ne yake jawo shi kusa. In an murɗa shi sai abu ya ƙara girma, in an mayar sai ya ragu.

In tsuntsu ya yi nisa ƙwarai, akwai wani ɗan gilashi da ake sawa tsakanin injin da idon. Girmansa bai wuce kofin shayi ba. Aikinsa ninkawa. Ido mai milimita 300, in an sa masa mai ninki biyu, sai ya zama 600. Zalɓen da ya fito kamar kara, yanzu har bakinsa ana gani.

Amma gilashin nan yana da haraji. Yana cin haske. Mai ninki biyu yana cinye kashi uku cikin huɗu. Ƙaramin, wanda yake mai da 300 ya koma 420, rabi yake ci. Kuma ba tsuntsu kaɗai yake ninkawa ba, har da rawar hannu. Shi ya sa ake kafa injin a kan ƙafafu. Da tsakar rana ƙasa tana tururi, hoto ya fito dishi-dishi. Ranar hazo kuwa, gara mai hoto ya koma ya sha shayinsa. Lokacin aikinsa hantsi ne da la'asar.

Wahalar tana da amfani. Garke in ya tashi sama, ido ba ya iya ƙirga shi. A hoto kuwa ana ƙirgawa ɗaya bayan ɗaya. A watan Janairu ake ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama. Da haka aka san gauraka tana raguwa a Afirka ta Yamma, don ana kama ta ana sayarwa, kuma fadamun da take ƙwai suna zama gonaki.

Mai hoto yakan yi awa biyu bai motsa ba. Yaro guda da gwafa ya isa ya watsa masa aikin yini.