Ka Sayi Kaya, Makulli na Hannun Wani

Maƙalarmu ta wannan mako ta taɓo abin da wasu za su kira wasan yara: shin dole ne na'urar wasan bidiyo ta zauna a haɗe da intanet kullum?

Mu da muka tashi a gidajen gem na unguwa, PlayStation 2 muka fi sani. Faifai, talabijin, wuta ko janareta, shi ke nan. Faifai ɗaya ya zaga hannu goma, a ara, a musanya, a sayar. Da wannan ne matasa da yawa suka kafa sana'a.

A shekarar 2013 kamfanin Microsoft ya so sauya wannan tsari. Ya sanar cewa sabuwar na'urarsa Xbox One sai ta leƙa intanet sau ɗaya a kowace awa 24, in ba haka ba wasanni su ƙi buɗewa, har da wanda mutum ke yi shi kaɗai. Ya kuma sa sharuɗɗa kan aro da sayar da faifai. Da aka tambayi shugaban sashen, Don Mattrick, sai ya nuna cewa marasa intanet su tsaya a tsohuwar Xbox 360. Sony kuwa ya fito da PlayStation 4 babu wannan sharaɗi, a kan dala 399, ƙasa da ta Microsoft da dala 100. Kafin watan Yuni ya ƙare, Microsoft ya janye tsarin.

Amma maganar ba ta mutu ba. A ƙarshen Maris 2024 Ubisoft ya rufe kwamfutocin da ke riƙe da wasan tseren mota The Crew. Duk wanda ya saya, ko da faifan na hannunsa, wasan ya daina aiki.

Gaskiya ne, karawa da wani da ke wata ƙasa ba ta yiwuwa sai da intanet, haka ma sauke gyare-gyare. Wannan buƙata ce, ba mu ja da ita. Abin da muke ƙi shi ne a mai da intanet mai gadin ƙofa. A wajenmu data tsada, sabis kuma yau akwai gobe babu. A Satumba 2021 an katse layukan sadarwa a Zamfara na tsawon makonni saboda matsalar tsaro. Da tsarin awa 24 ya tabbata, mai gidan gem da ke da irin wannan na'ura a Gusau da ya rufe shago tun kwana na biyu.

Mu marubuta ma abin ya shafe mu, tunda littattafanmu na komawa cikin manhajoji. In mai karatu ya biya kuɗi, gobe manhajar ta rufe, me ya rage a hannunsa? Abin da sai da izinin wani yake buɗewa, aro ne aka sa masa farashin saye.

Muna jiran ra'ayoyinku. Allah Ya sa mu dace.